Gawayi a Filin Kawu Idris

Rigasa, Kaduna

Yaya Labaran,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta daɗe ba ta ji muryar ɗan'uwanta ba. Ina Mero da yara? Yaya ƙafar nan taka da ke tashi in sanyi ya kama? Mu nan lafiya lau, sai 'yata Balki da ta yi zazzaɓi, ta kuma warware har ta koma ɗakinta. Tunda aka rufe layukan waya a wajenku nake danna lambarka, na san ba za ta shiga ba amma hannuna ya ƙi bari. Da Dauda direba ya ce har yanzu yana lallaɓawa Tsafe da motarsa, sai na ce bari in koma takarda irin ta iyayenmu. Ka yi haƙuri da rubutun, rabona da biro an jima.

Albishir nake tafe da shi kan filin Kawu Idris na bakin rafi, wanda ka ba ni aro bayan rasuwar maigidana. Ka tuna yadda yake: ja wur, tauri kamar daɓen ɗaki, in ka zuba ruwa sai ya gangare ya bar ka riƙe da bokiti. Ga kacalla, doguwar ciyawar ruwan nan, ta cinye bakin rafin har ba ka ganin inda za ka ɗebi ruwa. In na sare ta yau, kafin in huta ta toho. Wallahi har kuka na taɓa yi a gabanta.

To akwai wata malamar gona, Malama Nafisat, tana zuwa daga Unguwar Rimi wajen ƙungiyarmu ta mata masu lambu. Ita ta ce kacallar da ke kashe mu ita ce maganinmu. Muka sare ta, muka shanya ta bushe. Muka bi kafintocin Rigasa muka kwashe guntayen katakon da dama ƙonawa suke yi a bakin kwata, har godiya suka yi mana. Muka haƙa rami mai faɗin baki, muka kunna wuta, muna zubawa kaɗan-kaɗan. Kafin ya zama toka sai mu kashe shi da ruwa, ya tsaya gawayi. Mu daka, mu cuɗa da kashin kaji, mu bar shi ya sha sosai, sannan mu binne a ƙasa.

Yaya, da ma kana kusa ka gani! Ƙasar ta yi baƙi, ta yi laushi, hannu ma tona ta yake. Da can safe da yamma nake ban ruwa, yanzu in na ba shuka yau sai jibi. Alayyahu ya yi ganye kamar tafin hannunka, tumatir ya fara fure. Malama ta ce shi wannan gawayi ba ya ruɓewa, yana nan a ƙasa har jikokina su zo su same shi.

Na ba Dauda ɗaurin alayyahu da busasshen barkono ya kai wa Mero. Allah ya kawo muku sauƙin abin da kuke ciki.

Ƙanwarka,
Harira

*

Tsafe

Harira,

Wa alaikumus salam. Muna nan daidai gwargwado, ƙafa tana yadda kika san ta, Mero ta amsa gaisuwa. Allah shi ƙara ma Balki lafiya. Gaisuwa ta ƙare nan, don raina a ɓace yake.

A shago na karanta takardarki. Na sake karantawa, sannan na ja ƙofa na koma gida. Gawayi, Harira? Gawayi kika binne a filin ubana? Kuma da hannunki kika rubuto mini, har da albishir?

Kada ki ce zaman Kaduna ya mantar da ke, a garinmu aka yanke miki cibiya. Kin san mai binne gawayi a gona: wanda ya saya ne, ko wanda ya gada. A tara shaidu, a tona, a zuba, a rufe, saboda shi ba ya ruɓewa. Ran da rigima ta tashi, mai gari ba ya jan magana, fartanya yake sa a kawo. Wanda ya nuna wuri aka tona aka ga gawayi, gona tashi ce. Mai aro ba ya dasa itace, ba ya gina rijiya, ba ya binne gawayi. Wanga ko yaro ya san shi a garinmu.

Na zaunar da Dauda na tambaye shi abin da idonshi ya gani. Ya ce mata ne cike da fili, ana tonawa ana zubawa. Ya ce akwai wata ma'aikaciyar gwamnati da mota, tana jan igiyar awo daga wancan gefe zuwa wancan, tana ɗaukar hoto. To mi ya rage? Ga gawayi, ga shaidu, ga awo, ga hukuma. Sai ni sakarai da aka aiko ma alayyahu.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne layin nan naki: har jikokina su zo su same shi. Jikokinki! Ni kuma nawa fa? A ina za su samu nasu, a bakin titi?

Ko ba ki san halin da muke ciki ba? Gonakinmu na daji sun fi ƙarfinmu, bana ko kara ɗaya ban yanko ba, wanda ya je ba shi da tabbacin dawowa. Wanga fili na Kaduna, da ubana ya saya da guminshi na aikin jirgin ƙasa, shi kaɗai ya rage mini da zan taka in ce nawa ne. In na kwanta, da shi nake lallashin zuciyata. Shi ne kika zagaya ta bayana.

Uwarki da ubana taubasai ne, don wagga zumunta na ba ki ba tare da takarda ko shaida ba. Ki gaya mini gaskiya, wa ya kitsa miki? Ina jiran amsa a dawowar Dauda.

Labaran Idris

*

Rigasa, Kaduna

Yaya Labaran,

Salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Mero da yara. Ni dai da lafiyata na tashi, takardarka ce ta sa mini ciwon kai.

Haba Yaya! Haba! Ni ce ɓarauniyar fili? Ni Harira? Da na gama karantawa sai da na zauna a kan turmi. Lokacin da Kawu Idris ya kwanta ciwon ajalinsa a garin nan, wa ke dama masa kunu? Wa ke wanke masa zannuwa, kana can kana jiran a aiko maka labari? Da fili nake so, ai a lokacin zan roƙa, kuma wallahi da ya ba ni. Ban roƙa ba. Sai yanzu da furfura ta fito mini zan koyi sata?

Na san gawayin iyaka, ba sai ka koya mini garinmu ba. Shi dunƙule ne, manya-manya, a kusurwa ake sa shi, rami har ƙugu. Nawa gari ne, dakakke lilis, cuɗe da kashin kaji, barbaɗe a cikin kwamin da nake shuka alayyahu. Wane mai gari ne zai tona ya shinshina kashin kaji ya ce ga shaida? Kai ma ka faɗa wa wani ka ji in bai yi maka dariya ba.

Shaidun da Dauda ya gani, matan ƙungiya ne. Yau a yi wa wannan aiki, gobe a yi wa waccan, haka muke yi. Igiyar awo kuwa, tsawon kwami Malama take aunawa don ta san yawan abin da za a zuba, in ya yi yawa ma ɓarna ne. Hoton kuma na tumatir ne. Ita baiwar Allah ko sunanka ba ta sani ba, ka ɗora mata cin amana. Shi kuma Dauda, idonsa ya fi hankalinsa sauri, zan gamu da shi.

Ka kama kalmar jikoki ka riƙe kamar ka kama ɓarawo. Jikokina na ce don su nake gani kullum suna bi na lambu. Nufina abin yana daɗewa, shi ke nan. In kai ka dawo ka karɓi filinka, ai naka jikokin ne za su ci, kuma ko a jikina.

Ka ce ban san halin da kuke ciki ba. Na sani, shi ya sa ba na iya barci in na ji an ambaci hanyar Tsafe. Amma tsoron da ke cinka ba ni na kawo maka shi ba, kada ka sauke shi a kaina.

Ga magana ɗaya, in tana kwantar maka da rai. Zan je wajen mai unguwa da limamin masallacinmu, a rubuta cewa fili na Labaran ɗan Idris ne, Harira aro take ci, in sa hannu a gabansu, a aiko maka. Ka ce in je, gobe in je. Amma ka janye kalmar nan ta zagaya ta baya.

Ƙanwarka duk da haka,
Harira

*

Tsafe

Harira,

Sallama irin ta Musulunci. Muna raye. Ƙaramin yaron Mero ya yi gudawa, ya samu sauƙi.

Na jira, na jira, har na gaji da leƙa tasha. To, na gane amsarki sarai, kuma ba ta ba ni mamaki ba. Mai gaskiya ba haka yake yi ba.

Ba zan yi dogon rubutu ba. Aro na ba ki, yau na karɓi abina. Ki tone gawayinki, duka, kada ki bar mini ko ƙwaya ɗaya a ƙasar ubana. Yadda na ba ki filin, haka nake son in same shi. Ba na son alayyahu, ba na son barkono, ba na son bayani daga bakin wata malama. In kika ƙi, zan zo da kaina ko da a ƙafa ne, mu tsaya gaban mai unguwa, duk Rigasa ta ji abin da kika yi ma ɗan'uwanki yana cikin wuta.

Wagga takarda ba ta hannun Dauda za ta zo ba, na ba wani mai ɗaukar awaki zuwa Kaduna.

Labaran Idris

*

Rigasa, Kaduna

Malam Labaran,

Salamu alaikum. Allah ya raya yaron Mero. Mu ma muna raye.

Saƙonka ya iso hannun mai awaki, har da warinsu. Wato na zauna na fayyace maka komai, na ce zan durƙusa gaban mai unguwa da liman in sa hannu, kai kuma ka karanta ka ce ka gane sarai, mai gaskiya ba haka yake yi ba. To madalla. Yaya mai gaskiya yake yi? Kwanciya yake yi a taka shi?

Ka ce in tone gawayina kada in bar ko ƙwaya. Na tone.

Na gaya maka gari ne, ya shige ƙasa yadda gishiri ke shiga miya, ba mai iya tsince shi. Saboda haka na kira matan ƙungiya, muka zo da fartanyu da shebur da buhunan siminti. Duk inda ƙasa ta yi baƙi muka kankare ta, har sai da muka taɓo jar nan taka mai tauri. Malama Nafisat ta zo ta riƙe hannuna, ta ce Hajiya kada ki yi, ki bari a sasanta, wannan aikin shekara ne. Na ce mata mai fili ya yi magana, ni kuma ba za a kira ni ɓarauniya sau biyu ba.

Tumatir yana cikin 'ya'ya, Malam Labaran. Kore shar, sun fara nauyi har na kafa musu sanduna. Da hannuna na tumɓuke su. Waɗanda suka yarda na dasa a buhu, sauran suka kwanta kafin la'asar, na zuba wa awakin maƙwabta. Kaltume, wadda muka fi shan wahalar saran kacalla tare har lauje ya raba mata yatsa, tana cika buhu tana zaginka, ban hana ta ba. Masu baro suka yi ta jigila. Mutane suka fito bakin hanya suna kallon mata na kwashe gona a baro, wani yana cewa ko zinariya aka gano. Wannan kunyar kai ka saya mini ita.

Yanzu buhuna sun cika tsakar gidana, wasu a gidan Kaltume, wasu a soron Balki. Ko wurin shimfiɗa tabarma ba ni da shi. A cikinsu zan yi shukata, ba mai cewa na zagaya ta bayansa.

Filinka yana nan yadda ka ba ni, ja wur. Na zuba bokitin ruwa don in tabbatar, ya gangare ya koma rafi. Kacalla ma ta fara leƙowa, ban taɓa ta ba, tunda ita ma a cikin kayanka na same ta. Ba sai ka wahalar da ƙafarka zuwa gaban mai unguwa ba, na riga ka, na gaya masa na fita.

Harira

*

Tsafe

Harira ƙanwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kina lafiya, ke da Balki da yaranta. Mu dai sai godiya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Harira, takardunki biyu rana ɗaya suka zo hannuna. Motar Dauda ta kwana biyu ba ta shigo ba, an tare hanya, shi kuma ya tsaya da ita a Funtuwa ya koma jigilar cikin gari. Takardarki ta bayani tana cikin aljihun motar duk wanga lokaci. Ran da na rubuta miki cewa na gane amsarki, wallahi tallahi ban ga ko harafi ɗaya naki ba. Shirun da na ji nake nufi. Na ɗauka kin karanta tawa kin yi banza da ni.

Da na buɗe ta farko na ga zancen mai unguwa da liman, sai na ji kunya ta rufe ni, na ce ma Mero na zalunci yarinyar nan. Ina cikin neman biro in ba ki haƙuri, ta ce ai ga wata. Na buɗe ta biyu. Harira, sai da na nemi ruwa.

Na janye kalmar zagaya ta baya. Na janye ta, Allah shi ne shaida, ki yafe mini.

Amma ke ma, wace irin zuciya ce wagga? Ba ki iya jira ki sake tambaya? Mutum ya rubuto cikin fushi, daga garin da ba waya, ba hanya, sai ki tara mata ki sheme gona? Tumatir mi ya yi miki? Kuma gawayi na ce ki kwashe, ban ce ƙasa ba! Wadda kika zuba a buhu, ƙasar ubana ce ta sama, ita ce mai ɗan rai a wurin. Yanzu abin da kika bar mini ko bulo ba a bugawa da shi.

Ki saurare ni, don maganar ta wuce fushi. Zama a nan ya ƙare mana. An shiga ƙauyen su Mero, mun ɗaure kaya, da hanya ta buɗe muna tafe Kaduna. Ba ni da shago a can, ba ni da sana'a, ga baki da yawa. Da wanga fili na yi niyyar ciyar da su. Don Allah, don zumuntar iyayenmu, ki maida ƙasar nan inda kika ɗebe ta. Mu raba filin biyu, ki ci rabi in ci rabi, ki koya mini yadda ake wanga gawayi naku. Takardar mai unguwa ma na yafe, ba na so.

Ki amsa mini da wuri, kuma kada ki ba Dauda.

Yayanki,
Labaran

*

Rigasa, Kaduna

Yaya Labaran,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Labarin ƙauyen su Mero ya tayar mini da hankali, ka yi mata jaje, Allah ya fito da ku lafiya.

Na ji, ba ka ga takardata ba. Na yarda, don na tare Dauda a tasha, ya rantse, na kuma wanke shi tas a gaban fasinjojinsa. Ka ce in yafe, na yafe kalmar. Amma ka sani, takardarka ta farko ba Dauda ne ya rubuta ta ba. Tun kafin wata takarda ta maƙale a Funtuwa ka riga ka yanke cewa zan iya cin filin Kawu. Wannan ba hanya ce ta jawo shi ba, a zuciyarka yake.

Wai ba na iya jira in sake tambaya. Kai ka tambaya kafin ka kira ni maciyiya amana? Ka ce duk Rigasa za ta ji, to ta ji, da ƙarar baro.

Rabin fili kuma, na gode, ba na so. Na tsufa da shuka a inda takarda ɗaya za ta zo a motar awaki ta tumɓuke ni. Na gama cin aro, Yaya. Buhunan nan ba su da kyan gani, ina tuntuɓe da su in zan je alwala, amma tumatir ɗin da ya rayu ya nuna a cikinsu, jiya na tsinki na miya. Koyo kuwa ba a hana kowa. Kacalla tana bakin rafinka ta kai ƙirji, kafintoci suna nan, ranar Talata muke ƙonawa a filin Kaltume. Ka zo ka tsaya cikin mata ka gani, in ta bar ka ka shiga. Kafin taka ƙasar ta yi baƙi za ka sha rana, mu ma mun sha.

In kun iso kada ku nemi masauki. Na share ɗakin da Balki ta tashi a ciki, Mero da yara su shiga, kai ka kwana a zaure. Abin da na dafa shi za mu ci, yara ba za su kwana da yunwa a gidana ba.

Saura zancen ƙasar ubanka da ka ce na kwashe. Ban musa ba. Ƙasar taka ce, gawayin nawa ne, suna nan tare a buhu a tsakar gida. In za ka taho ka zo da rariya, ka zauna ka tankaɗe abinka.

Harira